Motar Baba: In Gyara Ta Da Hannuna, Ko In Bari A Sayar?

Assalamu alaikum. Ni malamin makarantar sakandare ne a Zariya, ina da mata da 'ya'ya biyu. Mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, ya bar mota Peugeot 504 ƙirar 1984, haɗin Kaduna, wadda ta shekara shida a ajiye a gindin darbejiya a ƙofar gida tun lokacin da ciwo ya hana shi tuƙi. An raba gida da gona, amma ba a taɓa tayar da zancen motar ba. Yanzu Yayanmu ya ce a sayar wa 'yan gwangwan kowa ya huta, ni kuwa a cikinta na girma, kuma ina so in tashe ta da hannuna. Ban taɓa koyon kanikanci ba, sai abin da nake kallo a YouTube. Na sayi sabon batir, na zuba fetur a bakin kafireto, ta ɗauka ta yi hayaƙi sannan ta mutu. Da na zaro ƙarfen auna baƙin mai sai na ga man ya koma launin shayi da madara. Wani abokina ya ce gaskit ne, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan injin da gangarsa, in kwance kan injin in canza, kuma na shirya yin haka ranar Asabar. Tsohon bakaniken Baba ya ji labari, ya aiko cewa bai ji daɗi ba da ban neme shi ba. Mai ɗakina kuma tana ganin kuɗin cefane ne yake tafiya a kan ƙarfe. Ina neman shawara.

Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya jiƙan Baba, Ya sa Aljanna ce makomarsa.

Ina goyon bayan ka tashi motar nan, kuma ina ganin kaso mai yawa na aikin za ka iya yin sa da hannunka. Amma kada ka kwance kan injin ranar Asabar. Dalilaina biyu ne: na farko, motar ba ta zama taka ba tukuna, na biyu, injin 504 yana da wani gini na musamman wanda yake mayar da wannan aiki haɗari ga wanda bai taɓa yin sa a gaban gwani ba.

Zan fara da na farko, domin shi ne wanda ka ambata a taƙaice alhali ya fi sauran nauyi. Duk abin da mamaci ya bari gado ne, ko da tsohon ƙarfe ne da ciyawa ta tsiro a ƙarƙashinsa. Hajiya mahaifiyarku tana da tumuninta a cikin motar nan, wato ɗaya bisa takwas, 'yan'uwanka maza da mata kuma kowa yana da rabonsa kamar yadda aka yi a gida da gona. Saboda haka Yaya bai da ikon sayar da ita shi kaɗai, kai ma ba ka da ikon kwance ta kai kaɗai. Ka lura da abin da zai iya faruwa idan ka ci gaba a haka. Idan ka lalata injin, ka lalata dukiyar da ba taka kaɗai ba ce. Idan kuwa ka yi nasara, ka kashe albashinka na watanni har motar ta tashi tana sheƙi, to a ranar ne wani zai tuna cewa motar Baba ce, kuma zai nemi rabonsa a kan farashinta na sabuwar gyara, ba a kan farashin gwangwan ba. Gidaje da yawa sun ɓaci a kan abin da bai kai wannan ba, kuma mafi yawan lokuta ba mugunta ce ta jawo ba, rashin yin magana a kan lokaci ne.

Hanyar ba ta da wuya. Ka je wurin Yaya da ladabi, ba da niyyar jayayya ba, ka ce masa ka yarda a sayar da motar, amma kana roƙon a sayar maka. A kira mutum biyu da suka san cinikin tsofaffin motoci su yi mata kuɗi a yadda take a yanzu, a gaban malamin da ya raba muku gadon ko wani dattijo na dangi. A cire rabonka, ka biya sauran nasu, ko a lokaci ɗaya ko kaɗan-kaɗan idan sun amince, a rubuta, shaidu su sa hannu. Wanda ya ga dama ya yafe maka nasa, wannan kyautatawarsa ce, amma kada ka nema, musamman daga 'yan'uwanka mata waɗanda kunya za ta iya sa su ce sun yafe alhali zuciyarsu ba ta yafe ba. Idan akwai ƙananan yara a cikin magada, rabonsu ba ya yafuwa da bakin wani, sai an biya an ajiye musu. Kuma kafin duk wannan ka zauna da Hajiya ka ji ta bakinta. Akwai uwar da ganin motar mijinta a ƙofar gida yake sanyaya mata rai, akwai kuma wadda kullum yake tayar mata da baƙin ciki, kuma ba za ka san wacce ce a ciki ba sai ka tambaya.

Game da mai ɗakinka, gaskiyarta ta faɗa. Ciyar da iyali wajibi ne, tashin mota kuwa sha'awa ce, ko da sha'awar mai kyau ce. Ka faɗa mata adadin da za ka riƙa warewa duk wata, ka ware shi bayan an gama da abinci da kuɗin makaranta da magani, kuma idan ya ƙare aikin ya jira wata mai zuwa. Abin da yake tayar da hankalin mace a irin wannan hali ba yawan kuɗin ba ne kawai, rashin sanin inda abin zai tsaya ne. Motar da ta jira shekara shida za ta iya jiran ƙarshen wata.

Yanzu ga ita kanta motar. Ba ka yi kuskure ba da ka ga ta cancanci wahala. Kamfanin Peugeot ya fito da 504 a Faransa a 1968, ta zama gwarzuwar motar shekara ta Turai a 1969, kuma a 1975 Ove Andersson ya ci tseren Safari na Gabashin Afirka da ita. A wannan shekarar ta 1975 ce masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara aiki a Kakuri, kuma bayan an daina ƙera ƙaramar 504 a Faransa a 1983, an ci gaba da haɗa ta a Ajantina da Kenya da Najeriya, mu har zuwa tsakiyar shekarun 2000. Amfanin wannan tarihi a gare ka shi ne kana zaune a ɗaya daga cikin wuraren da suka fi ko'ina sauƙin riƙe wannan mota a duniya: kayanta suna nan, kuma mutanen da suka yi rayuwarsu a kanta suna raye. Sannan gininta a fili yake. Ba ta da kwamfuta, fetur yana shiga ta kafireto, wuta tana fita ta kwayil da distiributa, kuma mai hankali da haƙuri zai iya bin kowace waya da kowane tiyo da ido ya ga inda suka fito da inda suka nufa.

Sai dai kafin ka ƙara kashe ko kwabo, ka duba jikinta, domin shi ne zai yanke hukuncin ko aikin zai yiwu. Inji ana gyara shi ko a sauya, amma gangar jikin da tsatsa ta cinye ta fi ƙarfin albashin malami. Yankinmu busasshe ne, wannan ya taimaka, to amma mota a gindin bishiya a kan turɓaya ta ga damina shida, ganye ya toshe magudanan ruwanta, laima kuma ta taso daga ƙasa. Ka ɗaga shimfiɗun ƙasa na gaba da na baya, ka duba ƙasan but da wurin zaman batir, ka bi ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙofofi da wuraren da ake kafa jek, ka duba inda ƙafafun gaba suke ɗaure da jiki a cikin ɗakin inji da inda ƙafafun baya suke kama jiki. Ka riƙa danna sukudireba da ɗan ƙarfi. Rami a daɓen mota aikin mai walda ne na yini ɗaya ko biyu. Amma idan sukudireba ta shige a inda ƙafa take ɗaure da jiki, ka kira gwanin walda ya faɗa maka gaskiya kafin ka biya 'yan'uwanka. Idan hukuncin bai yi daɗi ba, har yanzu akwai abin da ya fi ba wa 'yan gwangwan, waɗanda nauyin ƙarfe kawai suke saye: masu neman kayan 504 za su biya fiye da haka a kan giya da gilasai da fitilu da ƙofofi.

Tayarwar da ka yi ta wuce, amma ya kamata ka san abin da ya sa ba a yin ta haka, domin za ka sake tayarwa. Injin da ya daɗe a tsaye duk man da ke jikin ƙarafansa ya tsiyaye ƙasa, zoben fistin kuma mai yiwuwa ya manne da tsatsa, saboda haka juyin farko ƙarfe ne yake gogar ƙarfe a bushe. Yadda ake yi shi ne a cire fulogi huɗun, a zuba ɗan baƙin mai a kowane rami, a bar shi ya kwana biyu, sannan a juya injin da hannu ta hanyar ɗora sifana a kan babban kusan da ke gaban karanshaf, wato sandar ƙarfen da fistin suke juyawa. Idan ya juya lami lafiya, sai a sa sabon mai da sabuwar matata, a juya shi da makulli ba tare da fulogi ba har fitilar mai ta mutu, sannan a mayar da fulogi. Tsohon fetur kuma ba a amfani da shi, domin idan ya daɗe yakan yi danƙo ya toshe ƙananan ramukan kafireto. A sauke tankin a wanke. Zuba fetur a bakin kafireto kuwa ka daina shi daga yau. Idan injin ya yi tari ta baya, wutar a fuskarka da hannunka za ta fito. Haka nan zuƙo fetur da baki ta tiyo, wanda mutane suka mayar ba komai ba: ɗan abin da ya faɗa huhu ya isa ya kwantar da mutum a asibiti.

Launin da ka gani a jikin baƙin mai yana nufin ruwa ya haɗu da mai, wannan abokinka ya yi daidai, kuma kada ka sake tayar da injin da wannan man, domin ba ya kare ƙarfe, kuma ta haka inji yake bugawa. Inda abokin naka ya yi gaggawa shi ne cewa lallai gaskit ne. A motar da ta shekara shida a waje, ruwan zai iya zama raɓar da ta taru a cikin injin, ko ruwan sama da ya samu hanya ta murfin zuba mai. Zai iya zama gaskit ɗin da gaske. Zai iya zama kan injin ne ya ci ko ya tsage, domin na alminiyam ne, kuma ruwan rijiya da aka bari a ciki shekara da shekaru yana cin alminiyam. Akwai kuma hanya ta huɗu, wadda ita ce dalilin da ya sa na ce ka dakata.

A yawancin injunan da ake nunawa a bidiyo, ramukan da fistin yake hawa da sauka a ciki an huda su ne a jikin gangar injin kanta. A 504 ba haka ba ne. Kowane fistin yana tafiya ne a cikin wani bututun ƙarfe mai zaman kansa, wanda kanikawa suke kira silif, an zura shi a cikin gangar, ruwan sanyaya inji yana zagaye da shi kai tsaye. A gindin kowane silif akwai siririn abin toshewa da yake hana ruwan nan gangarawa cikin mai, kuma babu abin da yake danne silif ɗin a wurinsa sai kan injin da aka ɗaure a samansa. Da zarar ka ɗaga kan injin, silif ɗin a sake suke. Idan ka fizge shi sama kai tsaye, gaskit ɗin da ya manne zai iya jawo silif ya ɗan taso. Idan kuma ka juya karanshaf don ka goge saman fistin, wanda shi ne abin da duk sabon hannu yake yi, fistin zai turo silif ɗin sama. Motsin da ido ba zai gani ba ya isa ya karya toshiyar gindin, ko ya bar ɓarɓashin tsatsa ya faɗa ƙarƙashinta. Daga nan za ka sa sabon gaskit, ka ɗaure komai, ka tayar, ka ga ruwa a cikin mai fiye da na da, kuma gyaran ya koma sai an fitar da fistin an sake zaunar da silif ɗin, an auna tsayin da ya kamata kowanne ya ɗara bakin ganga da shi, tsayin da bai kai kaurin takarda biyu ba. Wanda ya saba yakan girgiza kan injin ta gefe har ya rabu da gaskit kafin ya ɗaga, nan take kuma ya danne silif ɗin da kusoshi da faffaɗan zoben ƙarfe kafin ya taɓa wani abu. Wajen mayarwa akwai tsarin da ake bi daga wannan kusa zuwa wancan, da ƙarfin ɗauri ƙayyadadde wanda sai da sifana mai auna ƙarfi ake samunsa, domin alminiyam yana lanƙwashewa idan ɗaurin bai daidaita ba.

Abin da za ka yi da kanka shi ne bincike, kuma bai buƙatar kwance komai. Ka tsiyaye man duka, ka lura ko tsantsar ruwa ne ya fara fitowa da yawansa. Ka zuba sabon mai mai araha, ka cika lagireto, ka yi alama a kan ƙarfen auna mai, ka bar motar kwana biyu ba tare da tayarwa ba. Idan ruwan lagireto ya ragu, babu ɗigo a ƙasa, man kuma ya ƙaru, to ruwa yana ratsawa ta ciki ko injin bai tashi ba. Idan komai ya tsaya yadda yake, ka tayar ta hanyar da na bayyana, ka bar murfin lagireto a buɗe tun injin yana da sanyi, ka duba ko kumfa tana tasowa ba yankewa, ko farin hayaƙi mai kauri ya ƙi ɗaukewa a salansa bayan injin ya yi zafi. Bakanike yana da ma'aunin matsin silinda da zai nuna wanne ne a cikin huɗun yake da rauni. Da waɗannan alamu ne ake yanke shawarar buɗe inji, kuma mai yiwuwa ne ka tarar ba ya buƙatar buɗewa.

Ayyukan da nake ganin naka ne suna da yawa, kuma ma'aunin da nake ba ka na rarrabewa shi ne ka tambayi kanka abin da zai faru idan ka yi kuskure. Idan sakamakon kuskuren shi ne mota ta ƙi tashi ko ta tsaya a gefen hanya, aikin naka ne, ka yi ka koya. Canjin mai da matatu, fulogi da wayoyinsu, fambel, tiyoyin ruwa da na fetur waɗanda duk sun bushe a yanzu, wanke lagireto, bin wayoyin da ɓeraye suka ci, goge kawunan batir da wayar da ke kama jiki, duk suna cikin wannan rukuni. Haka ma kwantak da kwandansa a cikin distiributa, inda ake barin tazarar kusan milimita 0.4 a bakin kwantak idan ya buɗe iyakarsa, ana aunawa da siraran ƙarafan auna tazara, ba da ido ba. Wutar tana bin tsarin 1-3-4-2, kuma ka cire wayoyin fulogi ɗaya bayan ɗaya kana mayarwa, kada ka tuge su gaba ɗaya. Kafireto ma za ka iya wanke shi idan ka shimfiɗa farin ƙyalle, ka jera duk abin da ka cire bisa tsarin fitowarsa, kuma ba ka zura waya a ƙananan ramukansa ba, domin faɗaɗa su kaɗan yana ƙara shan mai har abada. Ka ɗauki hoto da wayarka kafin ka kwance kowane abu, ka riƙe littafi kana rubuta abin da ka yi da ranar da ka yi shi da kuɗin da ya ci. Kai malami ne, wannan ɓangaren ba zai ba ka wuya ba, kuma ka nemi littafin gyaran 504, domin alƙaluman da ke cikinsa sun fi na kowane bidiyo abin dogara.

Akwai al'ada guda ta garejinmu da nake so ka ƙi: cire tamostat a jefar da sunan wai ƙasarmu da zafi. Aikinsa shi ne ya kai injin zafin da ya dace da wuri ya riƙe shi a nan, kuma motar da take zafi fiye da kima matsalarta tana cikin toshewar lagireto ko famfon ruwa ko fanka. Ka sa sabo, ka yi amfani da ruwan sanyaya inji na kanti mai hana tsatsa, saboda wannan kan alminiyam ɗin da muka yi magana a kansa.

Idan kuwa sakamakon kuskuren shi ne rai, to aikin ba naka kai kaɗai ba ne. Burki ne a gaba. Man burki yana jan laima daga iska, kuma a shekara shida ya tsatsar da cikin masta, wato babban famfon burki, da ƙananan silindun ƙafafu, robobinsu sun taurare, tiyoyin roba kuma za su iya yin kyau a waje alhali sun ruɓe a ciki. Irin wannan burki yakan kama sau goma a ƙofar gida, ya nutse har ƙasa a karo na sha ɗaya a kan titi. A sabunta robobi da tiyoyi da man gaba ɗaya, a fitar da iska yadda ya kamata, kuma kada ka yarda kowa ya zuba maka ruwan sabulu ko wani mai daban a madadinsa, ko don gwaji. Kada ka hura ƙurar tsohon takalmin burki da baki ko da iska, domin na wancan zamani akan yi su da asbestos mai cutar da huhu. A jiƙa ta a goge. Sitiyari da mahaɗan ƙafafun gaba su ma sai gwani ya duba. Tayoyin kuwa sun tashi aiki ko da zanensu bai goge ba. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu da suke nuna mako da shekarar da aka yi ta, kamar 2319, wato mako na 23 na 2019, kuma ka duba wannan lamba a kan waɗanda za ka saya.

Kada ka taɓa shiga ƙarƙashin mota jek kaɗai yana riƙe da ita, kuma kada ka tokare ta da bulon siminti, wanda yake farfashewa ba tare da gargaɗi ba; ka sa mai walda ya yi maka ƙafafun ƙarfe masu ƙarfi, ka kafa su a kan daɓe, ka datse tayoyin da ke ƙasa. Ka cire wayar batir ta jiki kafin kowane aikin wuta ko na fetur. Kada ka bar inji yana aiki a rufaffen wuri, domin hayaƙinsa irin na janareta ne da muka san yadda yake kashe mutane a ɗaki. Ka ajiye tukunyar kashe gobara kusa da kai, ka kuma nisanta yaranka da wurin a lokacin da mota take ɗage.

Wannan ya kawo mu kan tsohon bakaniken Baba, wanda a ganina shi ne mafi darajar abin da ke cikin wasiƙarka. Saƙon da ya aiko ba na neman aiki ba ne kawai. Mutumin da ya yi shekaru yana kula da motar mahaifinka yana jin yana da haƙƙi a kanta da kuma a kanka, kuma a al'adarmu yana da shi. Ka je har garejinsa ko gidansa, ka gaishe shi a matsayin uba, ka ba shi haƙuri, sannan ka faɗa masa ainihin abin da kake so: ba ka kawo masa mota ya gyara ba ne, ka zo ne ya koya maka. Ku yi yarjejeniya a fili cewa ƙananan ayyuka kai za ka yi ya duba, burki da sitiyari da buɗe inji kuwa shi zai yi kana miƙa masa sifana, kuma ka biya shi ladan lokacinsa ko da bai taɓa ƙarfe ba a ranar. Ya san abin da babu littafin da zai faɗa maka, kamar ko an taɓa buɗe injin nan, ko an taɓa goge kan injin har ya yi siriri, ko giyar ta asali ce. Masu irin wannan sani suna tsufa, yaran garejin yanzu kuwa da yawansu a kan motocin Japan masu kwamfuta suka tashi. Idan ya kawo wata al'ada da ta saɓa wa littafi, ka tambaye shi dalili cikin ladabi ba a gaban yaransa ba, ka tsaya a kan abin da ya shafi lafiyar rai, ka sassauta a kan saura.

Wajen sayen kaya ka tafi da shi a karon farko, ko Fanteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano. Ka riƙe tsohon abin da ka cire a hannunka tare da lambar casis da ta inji, domin 504 ba iri ɗaya ba ce: akwai mai inji 1.8 da mai 2.0, akwai mai burkin faifai a baya da mai ganga, kuma kayan ƙaramar mota sun sha bamban da na doguwa da na a-kori-kura. A ƙarfe, tsohon na asali mai lafiya sau da yawa ya fi sabon jabu. A roba da kayan burki kuwa sabo kawai za ka saya, mafi kyawun da aljihunka zai iya. Kada ka jefar da tsohon kafireto ko distiributa ko da ka sauya su.

Ka kuma san abin da za ka samu a ƙarshe, don kada ka yi wa mai ɗakinka alkawarin da motar ba za ta cika ba. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, motar da take shan lita goma ko fiye a kilomita 100 ba ta zirga-zirgar kullum ba ce ga mai albashi. Ba ta da jakar iska mai kare mutum a haɗari, ba ta da burkin zamani mai hana taya kullewa. Mota ce ta zuwa Juma'a, ta ziyarar dangi, ta kai Hajiya unguwa idan tana so. Ka tabbatar bel ɗin kujerunta yana aiki kafin ka ɗauki kowa. Takardar da magada suka sa wa hannu ita za ka kai ofishin lasin a mayar da mallakar da sunanka, ka sabunta takardu da inshora, jami'an duba lafiyar mota su gan ta. Fitar farko kuma ku yi ta da sassafe a kan hanyar da ba cunkoso, kai da bakaniken kaɗai, a hankali, kuna tsayawa kuna duba zafi da ɗigon mai da burki, sannan idan kun dawo a sake zaro ƙarfen auna mai a duba launinsa kafin a yi maganar ɗaukar iyali.